Tabar Bayan Rijiya

A unguwarsu, can arewa da Ɗanbatta inda gona ke manne da gona har sai ka ga layin gamba kake gane iyaka, mutum ɗaya ya rage mai shan lofe, shi ne Baba Yahya. Tsararrakinsa wasu sun rasu, wasu sun daina, samari kuwa sigari suke laɓewa su sha a bayan makaranta. Shi bai taɓa laɓewa ba. Liman ya yi masa magana har ya gaji ya ƙyale shi. Kullum bayan la'asar za a shimfiɗa masa buzu a gindin darbejiyar ƙofar gida, ya ciro lofen nan nasa, 'yar tukunyar yumɓu da dogon kara da ya yi baƙi don tsufa, ya miƙa hannu gefe ba tare da ya waiwaya ba. Mai sa masa battar taba a tafin hannu shi ne babban ɗansa, Ja'afaru.

Ja'afaru bai taɓa kai taba bakinsa ba, amma shi ke noma ta, a wani ɗan fili da ke bayan rijiya. Shi ke tsinke furen don ganye ya yi faɗi. Ganyen ƙasa da ruwa ya fantsama wa taɓo zubarwa yake yi, ya ɗebi na tsakiya ya rataye a inuwar zaure har ya rine. Sannan ya yayyafa ruwan kanwa, ya danna a tulu, ya toshe bakin, ya bar shi ya yi gumi kafin ya yanka siriri-siriri. Duk aikin da hanci yake yin sa da kunne. In tsohon ya kunna, Ja'afaru na tsugune can gefe yana tufkar igiya ko ɓarar gyaɗa, amma hankalinsa na kan maƙogwaron uban. In ya ji tari, kanwa ta yi yawa. In ya ji ana ta ƙyasta ashana, ganyen bai gama shan iska ba.

Abin da yake samu bayan duk wannan bai wuce kalma biyu ba. Tsohon zai karkaɗe tokar a gefen buzu, ya ce wa iska, "Ba laifi."

Ja'afaru ɗan fari ne, don haka tun da aka haife shi uban bai taɓa kama sunansa ba. "Kai" ne, ko "wancan", in kuma da baƙo ake magana, "yaron nan", ga shi kuwa furfura ta fara cin gemunsa. Ya san haka ake yi, shi ma ba ya kiran sunan 'yarsa ta fari. Amma sanin bai hana abin ci masa rai ba, don ya san tsohon na da wata kalmar a ajiye. Sau ɗaya ya ji ta, yana yaro, ran da ya raka shi kasuwar Ɗanbatta. Wani mai taba da ya zo daga arewa ya cika wa uban lofe, uban ya ja, ya sake ja har Ja'afaru ya ɗauka ya manta da su, sannan ya ce, "Wannan ta zauna." Ya gaya wa mai tabar cewa wadda ta zauna ba ta karce maƙogwaro, ba ta hawa ka, takan shiga ƙirji ta nemi wuri kamar baƙon da ya san gidan. Tun ranar da filin bayan rijiya ya dawo hannun Ja'afaru, kalmar nan yake nema. Bai gaya wa kowa ba, ko matarsa Luba.

Ana gama yankan gero sai ga Ɗan'auta ya zo gida. Sunansa na yanka Abdulrashid, amma ba mai kiransa da shi. Adaidaita sahu yake tuƙawa a Ungogo, kuma yakan daɗe bai leƙo ba. Tun daga bakin hanya ake jin muryarsa yana tsokanar matan da ke sussuka. Baba Yahya, wanda yanar ido ta rufe wa gani har ba ya gane fuska sai murya, ya miƙe zaune a kan buzu yana cewa, "Ɗan'auta ne? Ɗan'auta, zo nan, ja'iri, na ɗauka birni ta cinye ka."

Ja'afaru na gefe da kwandon gyaɗa. Ya ji sunan ya fita daga bakin tsohon sau da yawa kafin ma yaron ya tsuguna.

Bayan burodi da sabulu, Ɗan'auta ya zaro wani ɗan gwangwani mai faɗi daga aljihu. Ya ce taba ce ta musamman, haɗin wani gwani ne a birni, manyan mutane ke saye. Yana buɗe murfin ƙamshin kanumfari da zuma ya cika gindin darbejiyar. Tsohon ya ture battar da ke kan cinyarsa, wadda Ja'afaru ya cika masa da safen nan, ya ce a zuba masa. Ɗan'auta bai ma iya cika lofe ba, ya danna ta da babban yatsa kamar mai toshe ramin ɓera, rabi ta zube a buzu. Uban ya yi ta dariya yana gyara masa hannu.

Ya ja, ya fesar. Ya ce kai, wannan ƙamshi kamar ɗakin amarya. Ya ce Ɗan'auta ya iya tsaraba, ya san abin da tsoho ke so, Allah ya kiyaye shi a kan titi. Ja'afaru ya ji ɗan tari ya taso wa tsohon ya haɗiye shi. Da a ce tasa ce, da an yi tarin a fili, an kuma ce kanwa.

Akwai mai zama da Baba Yahya kowace yamma, abokinsa tun na kiwon awaki, Alhaji Zubair. Shi ya bar lofe tun da ya dawo daga Makka, sai dai kullum yakan duba inda iska ke kaɗawa ya zauna ta nan. Ranar ya buɗe hanci sosai, ya dubi Ja'afaru ya ce, "To, Ja'afaru, an yi maka juyin mulki."

Ja'afaru ya yi murmushi ya ce ai duk ɗaya ne, Alhaji. Ya matse gyaɗar da ke hannunsa har ƙwayar ta rabe.

Kwanakin da suka biyo, battar na nan a kan bangon zaure ba mai shan abin da ke cikinta. Da la'asar tsohon zai miƙa hannu, Ja'afaru ya sa masa batta kamar yadda ya saba, tsohon ya shafa ta, ya mayar, ya ce ta Ɗan'auta fa. Ɗan'auta kuwa na kishingiɗe a kan buzun uban, inda Ja'afaru bai taɓa ko ɗora ƙafa ba, yana ba da labarin fasinjoji, har yana ɗaukar tsohon hoto da waya lofe a baki. Ba mugun yaro ba ne, wannan ma ya ƙara ɓata wa Ja'afaru rai. Yakan ce, "Yaya, ka huta da wahalar ganyen nan, ni zan riƙa aiko wa Baba da direbobi." Da zuciya ɗaya yake faɗa.

Alhaji Zubair ne ya kawo maganar gwaji. Ya ce ba a yanke hukunci da jin bakin mutum ɗaya, ranar Juma'a in an sauko a ajiye batta da gwangwani a gaban Yahya, ya sha wannan ya kurkure baki ya sha wancan, shi kuma zai zama shaida da hanci. Ɗan'auta ya tafa hannu. Tsohon ya ce a yi. Ba wanda ya tambayi Ja'afaru.

Da ya shiga cikin gida ya tarar da Luba na tankaɗe. Ya tsaya a kanta jim, sannan ya ce bana ba zai dasa taba ba, filin bayan rijiya kuɓewa za a sa. Luba ta ce alhamdu lillahi, ita da ma tun tuni kuɓewa take so a wurin. Ta ci gaba da tankaɗe, can ta ɗago.

"Malam, wai kishi kake da ƙaninka a kan hayaƙi?"

Ya ce wane irin kishi kuma, shi yaro ne? Ya ce abin da ya sani kawai, ko busasshen ganyen rama Ɗan'auta ya murtsuke ya zuba a gwangwanin nan, Baba zai ce kamar ɗakin amarya. Luba ta ce to in ya san haka me ya dame shi. Ya juya ya fita. Amma maganar da ya faɗa da bakinsa ta bi shi har gona, ta dawo da shi.

Ranar Juma'a da hantsi wanzami ya zo yi wa tsohon aski a ƙofar gida, Ɗan'auta kuma ya tafi gaida dangin uwa a unguwar gaba. Ja'afaru ya shiga zaure ya sauko da battar da gwangwanin. Ya juye kowanne a faifai dabam. Launinsu bai bambanta sosai ba, ta birnin ta ɗan fi duhu da danƙo. Ya zuba tasa a gwangwani, ya zuba ta birni a batta. Gwangwanin ya riga ya sha ƙamshin kanumfari, duk wanda ya buɗe shi zai ji. Ya mayar da su inda suke. Ya shirya abin da zai faɗa: in tsohon ya gama zuba wa gwangwani yabo, zai tashi a gaban Alhaji Zubair ya ce to Baba, wadda ka yaba tawa ce, ta bayan rijiya. Ya maimaita maganar a ransa a hanyar masallaci, ya maimaita a hanyar dawowa, har huɗubar ma bai san a kan me aka yi ta ba.

Bayan la'asar aka shimfiɗa buzu. Alhaji Zubair ya jiƙa yatsa ya ɗaga ya ga inda iska ta nufa, ya gyara zama. Aka ajiye butar ruwa ta kurkure baki. Tsohon ya ce a fara da ta baƙo.

Wannan karon da kansa ya cika lofen. Ya ɗebi tabar a gwangwani, ya murza ta tsakanin yatsu, ya ɗan dakata. Ya kai hanci. Sannan ya zuba a hankali, ya danna sama-sama, ya karɓi ashana. Ƙyastawa ɗaya ta kama.

Ya ja, bai fesar da wuri ba. Ya sake ja. Abin ya yi tsawo har Ɗan'auta ya fara duba wayarsa. Ja'afaru na tsugune a inda ya saba, ba igiya ba gyaɗa a hannunsa, yana jin yadda hayaƙin ke sauka ba tare da ya taɓa komai a hanya ba.

"Wannan ta zauna," in ji Baba Yahya.

Alhaji Zubair ya ce a'a, Yahya, yau kuma? Rabonsa da jin wannan kalma tun suna da haƙoransu duka.

Tsohon bai kula shi ba. Ya juya fuskarsa wajen Ɗan'auta, ya yi magana a hankali, yana ja yana tsayawa. Ya ce ƙamshin da ke sama-saman nan ba komai ba ne, na gwangwani ne, a bar shi. Tabar na ƙarƙashi. Ya ce wanda ya haɗa ta ba mai gaggawa ba ne, ganyen tsakiya kaɗai ya ɗiba, kuma bai bar rana ta gan shi ba. Ya ce kanwar kaɗan ce ƙwarai, kamar mutumin ya san ƙirjin tsoho za ta shiga, kamar ya daɗe yana sauraron tarin wani. Irin wannan ba a koya wa mutum ita, sai wanda ya zauna ya yi shiru shekara da shekaru.

"Ɗan'auta, ka ce a birni yake?"

"Eh, Baba, wajenmu."

"In ka koma ka neme shi. Ka ce wani tsoho ya ce Allah ya yi masa albarka. Ka ce uban da ya haife shi bai yi asara ba."

Ɗan'auta ya ce insha Allahu zai gaya masa, yana dariya yana duban yayansa, wai Yaya ka ji fa.

Nan ne wurin da Ja'afaru ya shirya tashi. Maganar na bakinsa, ya ma ɗora hannu a gwiwa. Sai ya ga ba ta faɗuwa. Ya tashi a gaban abokin ubansa ya ce ni ne, ni aka yaba, ni na shiga zaure na yi musanya kamar ɓarawo don a yabe ni? Ya sauke hannun. Abin da ya yi ta nema tun yana saurayi an faɗe shi, har an ƙara da abin da bai taɓa sa rai ba, kuma ga shi za a sa shi a motar haya a kai wa wani ƙato a Ungogo. Ya dubi gwangwanin da ke kan cinyar uban ya ji ya tsane shi, duk da tabarsa ce a ciki.

Tsohon ya sha har toka ta yi fari, bai bar komai ba. Ya kurkure baki, ya miƙa hannu gefe. Ja'afaru ya sa masa battar. Ya cika, ya ƙyasta ashana, ta mutu, ya sake. Ja na biyu tari ya kama shi, wannan karon bai haɗiye ba, ya yi shi sosai har Alhaji Zubair ya miƙa masa buta.

Tsohon ya ce, "Ba laifi. Sai dai zaƙi ya yi yawa bana. Kamar ta mai son a yaba masa."

Alhaji Zubair ya yi dariya har da buga cinya, ya ce shari'a ta ƙare, birni ta ci ƙauye, Ja'afaru sai haƙuri. Ɗan'auta ya ce a'a Alhaji, ai Yaya ma yana ƙoƙari. Ja'afaru ya ji da ma zaginsa ya yi.

Da aka kira magariba kowa ya watse. Ja'afaru ya naɗe buzu, ya kama hannun tsohon zuwa inda yake alwala, kamar kullum. Sun kai bakin zaure tsohon ya tsaya, ya laluba aljihu, ya tura masa gwangwanin a hannu.

"Kai. Mayar wa Ɗan'auta da abarsa inda take. Ka shanya tawa ta sha iska, kanumfarinsa ya ɓata mini ganyen bayan rijiya."

Ja'afaru ya tsaya riƙe da gwangwani, kunya ta rufe shi tun daga ka. Ya so ya ba da haƙuri, abin da ya fito daga bakinsa dabam ne.

"Baba, to maganar da ka yi ɗazu..."

"Wace magana? Saƙo na ba Ɗan'auta. Zuba mini ruwa, za a ta da salla."

Ya zuba masa ruwan.

Washegari da safe Ɗan'auta ya yi shirin komawa. Tsohon ya riƙe hannunsa a ƙofar gida yana ta jero addu'a, Ɗan'auta kaza, Ɗan'auta kaza, ka kula da manyan motoci, ka riƙa cin abinci. Ja'afaru na tsaye da buhun geron da za a kai wa yaron bakin titi, yana jin sunan na dukansa kamar jiya, kamar shekaranjiya. Ba abin da ya ragu.

Suka bi ta tsakanin gonaki, karan gero a tsaye ba kai. Da suka kusa titi Ɗan'auta ya sosa ƙeya ya ce akwai wata 'yar matsala. Ya ce gaskiya shi bai san wani gwani ba. A tasha ya sayi tabar, wajen wani mai tallan turare da ya ɗauka a adaidaita, ko fuskarsa ba zai gane ba. Maganar manyan mutane kuwa shi ya ƙara don Baba ya ji daɗi.

"Yanzu saƙon nan wa zan ba, Yaya? Kada ya zame mini nauyi."

Ja'afaru ya sauke buhun a bakin kwalta. Ya daɗe yana gyara ɗaurin bakinsa, wanda ba abin da ya same shi.

"Bar shi a nan," ya ce. "In mutumin ya biyo sai in ba shi."

Ɗan'auta ya ƙyalƙyale da dariya, ya ga abin wasa ne. Ya gyara murya irin ta tsohon, ya ɗora hannu a kafaɗar yayansa, ya ce, "To, Allah ya yi maka albarka, in ji Baba. Uban da ya haife ka bai yi asara ba. Ka riƙe masa da kyau."

Mota ta tsaya, kwandasta na kiran Kano. Ja'afaru ya ce amin, ƙasa-ƙasa yadda ƙarar injin ta rufe. Ko wannan ma sai da ta bi ta bakin Ɗan'auta kafin ta iso shi, ya lura da haka, kuma ya san zai daɗe yana lura.

Da ya koma gida Luba ta tare shi da ƙwaryar irin kuɓewa, ta ce ga shi ta ware tun jiya. Ya ce ta ajiye tukuna, wurin bai dace da kuɓewa ba, inuwa ta yi yawa. Ta dube shi, ta dubi bayan rijiya inda rana ke dukan ƙasa tun safe, ta mayar da ƙwaryar ɗaki. Shi kuma ya ɗauki guga ya nufi inda ya yafa irin taba, wanda ya kwana biyu bai ba ruwa ba.